Gam ya kama atamfar facalata, yaya zan yi?

Tambaya

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaishe ki da aiki. Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura. Gidanmu gidan gandu ne. Da bikin ƙanwata ya taso, facalata, matar yayan maigidana, ta ara mini riga da siket na atamfa da gyalensu. Cikin kayan lefenta ne, ba ta fi sau biyu ta sa su ba. Ta fi ni tsawo, siket ɗin yana jan ƙasa. Na ji tsoron ɗinki kada allura ta bar huda, sai ƙawata ta sayo mini gam ɗin kalmasa a kasuwar Gujungu, wanda teloli ke ce wa hemin gam, ta ce in an wanke fita yake. Na kalmashe kamar faɗin yatsu huɗu, na goge da dutsen gawayi. Bayan biki na jiƙa bakin siket ɗin a ruwan Omo ya kwana, bai saki ba. Na ja da ƙarfi ya buɗe, amma ya bar wani farin abu mai kaushi a zagaye. Na kankara da wuƙa har zare ya fara tashi. Kuma ashe gam ɗin ya shafi dutsen, ya bar tabo a gaban rigar da gefen gyalen. Maƙwabciyata ta ce in sa kananzir, wata ta ce ruwan goge jan farce. Yaya, wato facalar tawa, ba ta sani ba, ga shi ta ce kayan za ta sa ranar wani suna mako mai zuwa. Ko barcin kirki ba na yi. Ki taimake ni.

'Yarki daga Taura

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Fara ajiye wuƙar nan tukuna, kuma kada kananzir ya kusanci kayan. Abin da gam ya yi wa atamfa yana da gyara, amma zaren da wuƙa ta tsinka ba ya komawa. Zan gaya miki abin da nake gani tun daga farko don ki san inda za ki sa rai. Bakin siket ɗin, in atamfar ta auduga ce, zai fita, ko kuwa ya rage ɗan kaushi ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Tabon gaban riga shi ma yawanci yana ɗaguwa, don a sama ya zauna, bai nutse ba. Gyalen ne ba zan yi miki alkawari a kansa ba.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Naki ya rufe har ya ja ƙasa, shi ne ya jawo miki wannan. Ƙawarki kuma ba da mugunta ta ce wanki na fitar da shi ba. Haka mutane da yawa suka ɗauka, don suna ganin bakin wandon yara yana sakewa bayan an sha wanke shi. Amma sakewa daban, fita daban. An yi abin nan ne musamman don ya jure wanki, in da ruwa na narkar da shi babu telan da zai saya. Ba dangin ƙaro ba ne, ba kuma dangin gam ɗin liƙa takarda ba. Roba ce, mafi yawanci daga dangin nailan, wani kuma daga dangin foliyesta, aka baza ta siririya shara-shara aka naɗe. In ta ji zafi sai ta narke ta shiga tsakanin zaren yadi, in ta huce ta daskare ta riƙe ɓangarorin biyu. Halinta ɗaya da kitsen saman miyar da ta kwana: a sanyi ya ƙame, ki ɗora a wuta ya koma ruwa, ki sauke ya sake ƙamewa, ko sau nawa kika maimaita. Don haka abin da zafi ya shigar, zafi ne zai fito da shi. Ki jiƙa shi mako guda a Omo, launin atamfar ne zai sha wahala, gam ɗin yana nan daram.

Yawancin irin wannan gam yana narkewa ne a wajen digiri 110 zuwa 130, wato ɗan sama da zafin tafasasshen ruwa, wanda yake digiri 100. Auduga kuwa ana goge ta da zafin da ya kai kusan digiri 200 ba ta ce komai ba. Wannan tazarar ce ta sa ake iya narkar da gam a jikin atamfa ba tare da an ƙona ta ba. Yadin roba, irin na gyale da shafin cikin siket, ba shi da wannan tazarar. Zafin da zai narkar da gam ɗin ya kusa kai zafin da zai sa yadin ya yi ƙyalli ko ya tattare. Masu dutsen lantarki suna da sauƙi, akwai ɗigo-ɗigo a jikin abin murɗawa: ɗigo ɗaya kusan 110, biyu kusan 150, uku kusan 200. Ke mai gawayi idonki da hannunki ne ma'auninki, zan zo kan wannan.

Yanzu ga maganar da na san ba ita kike son ji ba. Kafin ki hura gawayi, je ki ɗakin Yayarki ki gaya mata.

Na san abin da ke ranki: in gyara a ɓoye, in ninke, in mayar, shi ke nan. To lissafa mini waɗanda suka riga suka sani. Ƙawarki da ta sayo gam, maƙwabciyar kananzir, da mai ruwan goge jan farce. A gidan gandu kuma, inda igiyar shanya ɗaya ce, rijiya ɗaya, yara suna shiga kowane ɗaki. Maganar ta riga ta fita daga hannunki, abin da ya rage miki shi ne daga bakin wa Yaya za ta fara ji. In daga bakinki ne, ɓarna ce aka yi mata aka zo aka faɗa. In daga bakin wata ne a wajen daka ko a gidan suna, ya zama an ci amanarta an kuma mayar da ita wadda ba ta san abin da ake ciki ba, wannan kuwa ya fi tabon gam wuyar fita. Kuma duk dabarar da zan ba ki tana da ɗan haɗari, ko yaya ne. Mai kaya ce ke da ikon cewa a gwada ko a bari. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi bayani cewa abin aro irin wanda ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado, yana wuyan wanda ya ara, in ya lalace shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Ke kuwa canza wa kaya siffa kika yi ba da izinin mai shi ba, babu ja a nan.

Akwai kuma amfanin da ba ki hango ba. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma da wuya riga da siket da ɗankwali su cinye shi tas. Mata da yawa suna ajiye ragowar ƙyallen da tela ya dawo da shi a ƙasan akwati. In Yaya tana da shi, kin sami abin gwaji mafi kyau, ki gwada zafin dutse a kansa, ki gwada sipirit a kansa, kafin ki taɓa siket ɗin. In ma gyara ya gagara, da shi tela zai rufa miki asiri. Ita ce kuma ta san ko atamfar Holan ce ta gaske ko irin masu araha na Caina da suka cika Kantin Kwari.

Ki je da kanki, da kayan a hannunki. Kada ki aiki yaro, kada ki bi ta kan maigidanki ya gaya wa yayansa, don maganar zani in ta shiga bakin maza sai ta koma maganar wa da ƙani. Ki nemi lokacin da ta sauke girki, ba kowa a ɗakin. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce: "Yaya, na yi miki ɓarna a kayanki, kuma laifina ne. Siket ɗin ya yi mini tsawo, maimakon in tambaye ki sai na sa masa gam. Ga shi ki gani. An koya mini yadda ake cirewa, in kin yarda in gwada a gabanki. In kuma kin fi so a kai wa tela, ni zan biya." Kada ki sako sunan ƙawarki, ba ita ta riƙe dutsen ba. Ranta zai iya ɓaci, kayan lefe ne, mace tana ji da su ko da sun tsufa. In ta yi faɗa ki yi shiru ki ba ta haƙuri, kada ki ce ai ɗan abu ne kaɗan.

In ta ce a gwada, sai a fara da sanin yadin. Juya siket ɗin ki duba bayansa. Atamfar kirki launinta ya ratsa, gaba da baya kusan ɗaya suke, mai araha kuwa bayanta ya kan yi fari-fari don a fuska ɗaya aka buga mata zane. Amma wannan bai isa ya gaya miki ko auduga ce zalla ba. Zaro 'yan zaruruwa daga ragowar ƙyallen, ko daga rarar ɗinki ta ciki, ki riƙe da wani abu na ƙarfe ki kusantar da su ga ashana, nesa da kayan. Auduga tana kamawa nan take, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa a yatsa. Roba kuwa janyewa take daga wuta, ta narke, ta dunƙule ta bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. In kin ga toka da ɗan dunƙule tare, gauraye ne, sai ki bi shi a matsayin roba, ki rage zafi. Ki yi wa shafin ciki irin wannan gwaji shi kaɗai, don kusan kullum ba yadinsu ɗaya da atamfar ba.

Sai dutsen. Shi ya shafa miki tabon gaban riga, kuma in ba ki tsabtace shi ba zai ƙara miki wani. Ki ɗumama shi, ki goga ƙasansa da ƙarfi a kan tsumman auduga mai kauri, kina canza wuri har tsumman ya daina ɗaukar komai. In akwai wanda ya ƙone ya yi baƙi, ki zuba gishiri a kan takarda ki yi ta goga dutsen a kai. Dutsen gawayi ƙarfe ne zalla, gishiri ba ya yi masa komai. Mai dutsen lantarki mai baƙin shafe a ƙasa kada ta yi haka, zai kankare mata shi.

Gawayi kaɗan za ki sa, kamar rabin wanda kike sawa in za ki goge kayan maigida. Ki bari ya ruru ya daina tartsatsi, ki busa tokar, ki rufe murfin da kyau. Ki ɗora a kan farin ƙyalle ki ƙirga ɗaya zuwa goma. In ya bar ja-ja ko rawaya-rawaya, ya yi zafi da yawa, ajiye shi ya huce. Zafin da kike nema shi ne wanda in kin yayyafa ruwa zai yi ƙara ya bushe, amma bai canza wa farin ƙyalle launi ba. Dutsen gawayi ba ya tsayawa a zafi ɗaya, yana hawa yana sauka, don haka ki riƙa maimaita gwajin nan duk bayan ɗan lokaci, musamman in kin kaɗa shi ko iska ta buso.

Kada ki yi aikin a kan tabarma. Ta kaba za ta buga miki zanenta a jikin atamfar, ta roba kuwa narkewa za ta yi ki shiga sabuwar matsala. Ki ninka tsohon zani a kan benci ko katako mai santsi. Ki tanadi farin yadin auduga da yawa, alawayyo ko akoko ko tsohon farin zanin gado, ki yayyanka kamar faɗin tafin hannu biyu. Fari nake nufi, don mai launi zai iya zuba. Takarda mai ruwan ƙasa marar rubutu ita ma tana yi, amma ban da jarida, tawadarta za ta koma jikin kayan. Ki yi da rana, a inuwa mai haske, ba da fitila ba.

Juya siket ɗin cikinsa ya koma waje, ki janye shafin ciki zuwa sama ki kama shi da fil don kada dutse ya taɓa shi. Shimfiɗa ɗan yanki, wajen gam ɗin yana kallon sama, ƙyalle guda a ƙarƙashinsa. In akwai inda kalmasar ba ta buɗe ba tukuna, kada ki sake ja a sanyi. Ki jiƙa ƙyalle ki matse shi sosai, ki ɗora, ki dafa dutse a kai ki ƙirga goma, ki ɗaga, ki buɗe kalmasar nan take tun tana da zafi. Tururin yana taimakawa ƙwarai, don irin wannan roba in ta sha danshi da zafi tare ta fi saurin laushi. Ki sa bakin cokali wajen ɗagawa, tururi yana ƙona yatsa fiye da yadda ake zato.

Farin abin da ya rage kuwa, ga yadda ake yi da shi. Ɗora busasshen farin ƙyalle a kan gam ɗin kai tsaye, ki dafa dutse a kan ƙyallen, ki ƙirga takwas zuwa goma, ki ɗaga dutsen, ki ɓare ƙyallen nan da nan kafin ya huce. Za ki ga wani sashe na gam ɗin ya bi shi. Narkakken gam wajen zafi yake bi, shi ya sa ƙyallen yake sama, tsakaninsa da dutse. Da za ki goga ta ɗaya fuskar, gam ɗin sai ya ratsa atamfar ya fito ta gaba, inda kowa zai gani. Abubuwa biyu ne ke ɓata wa mutane wannan aikin. Ɗaya dannawa da ƙarfi, wai don ya fi fita. Danni tura shi yake cikin zare, nauyin dutsen kansa ya isa, kuma dafawa ake yi a ɗaga, ba a ja da baya da gaba. Ɗayan kuwa rowar ƙyalle. In kin mayar da wajen da ya riga ya ɗauki gam, kin mayar wa atamfar abin da kika cire ke nan. Kowace dafawa da sabon wuri. In kin yi jinkiri ƙyallen ya manne, kada ki fizga, sake ɗumama shi ki ɓare.

Wuri ɗaya zai iya neman maimaici sau huɗu, sau biyar, ko fiye. Tsakanin dafawa, tun wurin yana da ɗumi, ki murza da bayan cokali ko da yatsa a naɗe cikin ƙyalle, za ki ga gam ɗin yana murɗewa yana zama ƙananan dunƙule da za ki tsince. Bakin siket yana da faɗi, aikin yini ne, ba na tsakanin la'asar da magariba ba. In kin ji kin gaji ko ranki ya fara ɓaci, ki tashi ki sha ruwa. Mai gaggawa ce ke ƙona kaya.

Tabon gaban riga hanyarsa ɗaya, sai dai ta fuskar da tabon yake za ki ɗora ƙyallen, kuma ki sa wani a cikin rigar don kada ya ratsa zuwa baya. Ki ƙara sassauta hannu a nan. In bayan gam ya ɗagu kin ga ɗan duhu ya rage, yawanci dattin dutse ne da toka, sabulu da ruwa za su ɗauke shi.

In zafi ya yi iya yinsa amma hannu yana jin ɗan kaushi, sai a koma ga sipirit, irin wanda ake saya a kyamis ana goge wurin allura da shi. Ki nemi fari tas, akwai mai launi, shi ba ya yi. Amma fa sai kin kashe gawayin, kin fitar da dutsen daga wurin, kayan sun huce sarai. Sipirit yana kama wuta, kuma harshen wutarsa da rana da ƙyar ake ganinsa. Ki fara ɗiga shi a ragowar ƙyallen ko a rarar ɗinki ta ciki, ki danna da farin ƙyalle. In launi ya biyo, ki haƙura da shi gaba ɗaya. In bai biyo ba, ki jiƙa auduga ki ɗora a kan gam ɗin minti biyu zuwa uku, ki goga a hankali da tsohon burushin haƙori mai laushi, ki share. Gam na dangin nailan yakan yi laushi da sipirit, na dangin foliyesta kuwa sau da yawa ko gezau. In kin gwada sau biyu ba ki ga canji ba, naki ba ya ji, kada ki ƙarar da kwalba a kansa. Kuma sai kin wanke wurin ya bushe kafin dutse ya sake hawa.

Maƙwabciyarki mai kananzir ta ga ya cire cingam ko kwalta ko danƙon filasta ne, shi ya sa ta ɗauka kowane gam haka yake. Waɗancan masu danƙo ne, wannan kuwa busasshiyar roba ce, kananzir ba ya narkar da ita. Abin da zai bar miki shi ne maiƙo da warin da Yaya za ta ji tun daga bakin ƙofa, sannan ki zo ki ɗora garwashi a kan yadin da ya sha mai. Fetur ya fi muni, tururinsa nauyi gare shi, ƙasa-ƙasa yake bi har ya iske murhu. Ruwan goge jan farce kuwa yawancinsa asiton ne. Akwai wani yadi mai santsi da sheƙi da ake kira asitet, ana yin shafin ciki da shi, asiton narkar da shi yake ya bar rami, kuma yana iya kwashe launin wasu atamfofin. Hypo ko a mafarki. Launi zai ci ya bar gam ɗin a zaune.

Gyale kada dutse ya hau shi. Irin waɗannan shara-sharan kusan duk roba ne, da dutsen gawayi kuwa ƙiftawar ido ya isa ya huda. Ki tafasa ruwa a butar shayi, ki riƙe wajen tabon a miƙe a kan tururin da ke fitowa daga bakinta, da ɗan nisa kamar tsawon yatsa, hannuwanki a gefe. In ya yi laushi ki ɗora a kan ƙyalle ki murza da bayan cokali a hankali, kina bin tsawon zare. Wani gam yana ji da tururi kaɗai, wani sai ya ɗan yi laushi ya tsaya nan. Za ki iya gwada sipirit a ƙuryar gyalen, in bai canza ba ki sa a tabon. In duk bai yi ba, sa'arki ɗaya a gefe yake. Tela zai iya rage gefen ya sake yi masa dajiya, ko ya bi shi da adon duwatsu in Yaya tana so. In ba ta so, ki saya mata wani. Ranar Lahadi ki roƙe ta ku je Gujungu tare ko ta wakilta wadda ta yarda da idonta, ta zaɓa da kanta, kada ki zaɓo mata abin da za ta karɓa don kunya.

Saura abubuwa biyu da ba ki tambaya ba amma za su bayyana in gam ya tafi. Layin kalmasar zai zauna a zagaye. Ki jiƙa ƙyalle da ruwa, in akwai farin ruwan kal ki ɗiga kaɗan, ki matse ki ɗora a kan layin ta ciki ki dafa, yawanci yana kwanciya. Sannan kwanan da bakin siket ya yi a Omo shi kaɗai. Ki shimfiɗa siket ɗin a haske, ki ajiye rigar kusa da shi, ki duba ko ƙasan ya fi saman kodewa ko ruwan ya bar iyaka. In iyakar sabulu ce kawai, wanke siket ɗin gaba ɗaya da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa a juye, zai daidaita. In launi ne ya tafi, ba ya dawowa, ki nuna mata ta gani da idonta. Inda wuƙa ta tayar da zare kuma kada ki ja, kada ki babbaka, ki datse gashin da almakashi daidai da jikin yadi. In wurin ya yi siriri har haske na ratsawa, tela ya ɗora masa ragowar ƙyallen ta ciki ya ɗinke.

Ki fara gobe, kada ki bari sai ana jibi suna. In kin yi yanki ɗaya kin ga ba ya tafiya yadda na faɗa, ko atamfar ta fara ƙyalli, ki tsaya nan. Ki nemi tela a Taura ko Ringim mai dutsen lantarki mai tururi, zafinsa a daidaice yake, aikin zai fi masa sauƙi. In ta kama a kai wa masu wankin zamani a Kano ko Dutse, ki gaya musu duk abin da kayan suka sha, har Omo da wuƙar, kada kunya ta sa ki rage. Kuma ki tambayi Yaya tun yanzu ko tana da wasu kayan da za ta sa ranar sunan in waɗannan ba su kammala ba, don kada ta zauna da sa rai.

Gaba in kin ari kaya suka yi miki tsawo, allurar da kika ji tsoro ita ce ta fi aminci. Siririyar allura, ɗinkin hannu mai faɗin taku ta ciki, ba a ja shi ya ɗame ba, kuma kada ki goge bakin kalmasar har ya yi kaifi. In an gama biki ki yanke ƙulli ki zare, hudar allura a auduga tana rufewa da wanki ɗaya. Siket ma sau da yawa naɗe shi ake a ƙugu riga ta rufe. Ragowar gam ɗin kada ki zubar, yana da amfani a kayanki na kanki, bakin labule ko wandon makarantar yara, inda ba ki da niyyar sake buɗewa. Ki yanka shi ya fi kalmasar siranta don kada ya leƙo waje, kuma kullum ki sa ƙyalle tsakaninsa da dutse.

Allah ya daidaita tsakaninku.